Waiwaye: Yadda aljanun Turawa suka tashi daga abin tsoro suka koma samarin littafi

Duk wanda ya leƙa shagon littattafai a Landan ko Niyok a 'yan shekarun nan zai tarar da kanta guda shaƙe da labari kusan iri ɗaya. Yarinya 'yar shekara 17 zuwa 19 ta faɗa duniyar aljanu, ta haɗu da yarima mai tsinin kunne wanda ya kwashe ɗaruruwan shekaru bai tsufa ba, dokar mutane da ta aljanu duk sun haramta musu juna, zuciya kuma ta ƙi jin bari. Turawa na kiran waɗannan halittu feri. Ba su ne aljanun da addini ya ba mu labari ba, amma a bakin mutanen karkarar Ailan da Sikotlan matsayinsu ya yi kama da na mutanen ɓoye a wurinmu. Ba a kiran sunansu kai tsaye, sai a sakaya a ce "mutanen kirki". Ana korarsu da ƙarfe. Wanda ya ci abincinsu ba ya dawowa. Akwai bishiyoyin da ba a sara saboda su, kamar yadda ake kaffa-kaffa da tsohuwar tsamiya. Ko a 1999 sai da aka yi ta ka-ce-na-ce a gundumar Clare ta Ailan kan wata 'yar bishiyar ƙaya da sabuwar babbar hanya za ta ci, aka kuwa bar ta a tsaye.

Soyayya da irin waɗannan halittu tsohon zance ne, kuma tun asali da sharaɗi take zuwa. A Faransa, wajajen 1393, Jean d'Arras ya rubuta labarin Melusine, wadda ta auri ɗan Adam bisa alkawarin ba zai taɓa leƙa ta ranar Asabar ba. Ya leƙa, ya ga daga ƙugu zuwa ƙasa macijiya ce, aure ya watse. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya zai tuna Hasan na Basra da ya ɓoye wa 'yar sarkin aljanu rigar gashin tsuntsu ya aure ta, ranar da ta samu rigarta ta yi fiffike ta bar shi.

Amma saiwar da littattafan yau suka fi tsotsa wata waƙar baka ce ta iyakar Sikotlan, Tam Lin, wadda aka riga aka ambaci sunanta a rubuce tun 1549. An hana 'yan mata zuwa dajin Carterhaugh. Janet ta je, ta tsinki fure, wani saurayi mai suna Tam Lin ya fito mata, daga baya ta samu ciki. Saurayin mutum ne da sarauniyar aljanu ta sace, kuma duk bayan shekara 7 aljanun kan biya harajin rai ga Jahannama, yana tsoron wannan karon shi ne. Ya ce mata ta tsaya a mararraba da tsakar dare, idan ayari ya zo wucewa ta finciko mai farin doki. Ta finciko shi. Aka mayar da shi maciji a hannunta, aka mayar da shi zaki, aka mayar da shi ƙarfe ja wur, ba ta saki ba, har ya dawo mutum ta lulluɓe shi da koren mayafinta. Ni dai duk cikin tarihin nan babu hoton da ya kama zuciyata kamar wannan: mace mai juna biyu, ita kaɗai a cikin duhu, ita ce ke ƙwato namiji.

Kada a ɗauka wannan imani tatsuniyar dare ce kawai. A watan Maris na 1895, a gundumar Tipperary ta Ailan, wata tela mai suna Bridget Cleary ta kwanta ciwo. Mijinta Michael ya ƙudurce cewa aljanu sun ɗauke matarsa sun ajiye masa wata a madadinta. Aka danne ta aka ɗura mata sassaƙe a cikin madara, ana ta tambayarta ko ita ce Bridget. A daren 15 ga wata ya watsa mata kananzir ta ƙone. Bayan nan ya riƙa zuwa wani tsohon kufai da dare yana jiran matarsa ta gaske ta fito a kan farin doki ya yanke igiyar da aka ɗaure ta. Farin dokin nan dai irin na waƙar Tam Lin. Kotu ta yanke masa shekara 20.

A daidai wannan zamani kuma mutanen birni a Ingila sun riga sun ƙanƙantar da feri sun mayar da ita 'yar tsana mai fukafukin malam-buɗe-littafi. A 1917 wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley suka ɗauki hoto da feri na kwali, har shahararren marubucin nan Arthur Conan Doyle ya gaskata ya wallafa a 1920. Sai a 1983 suka amsa cewa zane ne suka yanka suka kafe da fil. Kamfanin Disney ya ƙarasa aikin a 1953 da Tinker Bell, 'yar ƙaramar feri ta fim ɗin yara Peter Pan. Tsoro ya fita, soyayya ma ta fita, aka bar wa yara.

Marubuta mata na Amurka ne suka dawo da haƙoran. Holly Black ta fitar da Tithe a 2002, sunan ma daga harajin nan na waƙar Tam Lin ya fito, ta kawo aljanu masu mugunta cikin unguwannin New Jersey. Da littafin Twilight, labarin yarinya da saurayi mai shan jini, ya fito a 2005 ya nuna wa kamfanonin ɗab'i irin kuɗin da ke cikin soyayyar yarinya da wanda ba mutum ba, sai aka shiga neman magajin mai shan jini, aljani ya samu shiga. A 2015 Sarah J. Maas ta fito da A Court of Thorns and Roses, inda ta raɗa wa basaraken aljanun suna Tamlin. Zaman kullen korona na 2020 da bidiyoyin masu karatu a TikTok suka ƙara hura wutar.

Na fahimci abin da ke jan 'yan mata. Yarinyar da kowa ke yanke mata hukunci a gida da makaranta, ga ta a labari sarakuna na rawar jiki a kanta. Haramcin da ke cikin labarin kuma ba na ƙabila ko aji ko addini ba ne kai tsaye, don haka kowace mai karatu na iya ɗora nata a kai. Mu ma marubutanmu na Wattpad da WhatsApp sun san daɗin labarin aljani ya so 'yar Adam, a al'ummar da zancen namijin dare ba baƙo ba ne.

Abin da ke damuna shi ne juyin da aka yi wa labarin. A da, satar mutum da aljanu ke yi ita ce musibar da ake yaƙa. A yawancin na yanzu, wanda ya sace yarinyar, ya kulle ta a fada, ya girme ta da ƙarni biyar, shi ne gwarzon da ake so mai karatu ta mato a kansa, kishinsa da tsare ta kuma a kira su so. Maas kanta ta juya wa Tamlin baya a littafi na biyu saboda wannan hali, kuma na yaba mata, amma masu kwaikwayonta da yawa fadar da kullen kawai suka ɗauka.

Sannan akwai batun shekaru. An fara tallata littattafan Maas a sashen matasa, amma da jerin ya yi nisa zancen shimfiɗa ya fito fili, har kamfanin Bloomsbury ya sauya musu bango a 2020 ya mayar da su sashen manya. Sai dai tsofaffin kwafi sun riga sun shiga ɗakunan karatu na makarantu. A watan Agusta na 2024 jihar Utah da ke Amurka ta fitar da jerin littattafai 13 da ta ce a kwashe daga dukkan makarantun gwamnati, 6 daga ciki na Maas ne.