Karsana da zagayen kwana 21: me ke faruwa a cikinta?

Yaushe karsana ke fara neman sa?

Cikar jiki ce ke kawo shi, ba yawan shekaru kawai ba. Shi ya sa Bunajin da ta sha yunwar rani kan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari, wadda ke samun harawa da dusa kuwa ta riga ta.

To idan ta fara, me ke canzawa a ciki?

Abin yana zagayowa duk kwana 21, wani lokaci 18 zuwa 24. A gidan ƙwai, ɗan ƙullin ruwa mai ɗauke da ƙwai yana girma yana sakin sinadarin istirojin. Shi ke sa mahaifa ta yi tauri, bakinta ya buɗe, yauƙi ya sauko. Bayan nema ya lafa da kamar awa 12 sai ƙullin ya fashe, ƙwan ya fito. A gurbinsa wata tsoka mai ruwan ɗorawa ke tsirowa, tana sakin sinadarin firojestaron. Mahaifa sai ta saki, bakinta ya rufe, ta shirya riƙe ciki. In ba ta ɗauka ba, wajen kwana na 17 mahaifar da kanta ke aika sinadarin da ke narkar da tsokar, a koma farko.

Me makiyayi zai gani da ido?

Gabanta ya kumbura ya yi ja, yauƙi garai-garai kamar farin ɗanyen ƙwai yana maƙale a wutsiya, ga yawan kuka. Amma alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cak wata ta hau ta. Matsalar shanunmu masu tozo, nemansu gajere ne, kuma sau da yawa da dare. Wanda ba ya leƙa garke da asuba da magariba, sai ya ce karsanarsa juya ce.

Na ga jini a wutsiyarta, ciki ne ya zube?

A'a. Ɗan jinin da ke fitowa kwana ɗaya zuwa uku bayan nema ya fi yawa a karsana, kuma ba ya nuna ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Abin da yake faɗa shi ne lokacin barbara ya wuce. Ka rubuta ranar, ka soma sa ido bayan kwana 17.

Yaushe za a yi mata barbarar allura, wato saka mata maniyyin bijimi a mahaifa da kayan aiki?

Ta tsaya da safe, a yi da yamma. Ta tsaya da yamma, a yi washegari da safe.