Yarjejeniyar Abuja kan jiragen ruwa, da abin da ya haɗa ta da mai riɗi a Gumel

Nasan wani zai ce mu da ko teku bamu taɓa gani ba ina ruwanmu da dokar jirgin ruwa. Toh riɗin da ake ɗaurewa a Dawanau da zoɓorodon da ake tarawa a Maigatari duk ta ruwa suke fita, mafi yawa ta Apapa ko Tin Can a Legas, haka babura da injin ban ruwa da muke saye ta nan suke shigowa.

A shekarar 1999 ƙasashen yamma da tsakiyar Afirka masu bakin teku suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Abuja, ofishinta kuma yana Legas. Abin da ta ce a taƙaice shine duk jirgin wata ƙasa da ya shigo tasharka kana da ikon hawa ka duba shi, takardunsa, injinsa, kayan kashe gobara, inda yake tara baƙin mai da shara, har ma'aikatan ciki ko ana biyansu. In laifin yayi yawa sai a tsare shi a tasha ba zai ɗaga ba sai ya gyara. A Najeriya hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta ƙasa, NIMASA, ce ke wannan aikin.

Dalilin haɗa kan kuwa, kamar saniya ce mara lafiya, in an hana sayar da ita ranar Alhamis a Maigatari amma kasuwar gaba ba mai dubawa ai mai ita can zai kora ta. Shi yasa aka ce abin da Legas ta gani a jirgi ta rubuta, Kwatano da Tema ta Ghana da Abijan su gani tun kafin ya iso musu.

Kuma ba tsoron banza bane. A 1988 an kawo gangunan guba daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, a filin wani bawan Allah da ake biya ɗan kuɗin haya, wannan ne yasa gwamnatin soja tayi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara. A 2006 kuma jirgin Probo Koala, bayan an ga kuɗin sarrafa dattinsa a Amstadam yayi tsada, ya zo aka kwashe a tankoki da dare aka zubar a unguwannin Abijan, mutane sama da 100,000 suka je asibiti, wasu suka rasu.

Ma'aunin da ake duba jirgin da shi ba namu bane mu kaɗai, mafi yawansa na hukumar jiragen ruwa ta duniya ne da ke Landan. Roba ko leda haramun ne a jefa a teku ko ɗaya. Daga 1 ga Janairun 2020 sinadarin salfa mai gurɓata iska a man jirgi kada ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari, da can 3.5 ne. Ita ma tasha an ɗora mata nata, dole ta tanadi wurin karɓar dattin jirgi, don in ba wurin saukewa toh kaftin ɗin a ruwa zai juye kawai.

Ni inda nake da ja shine yarjejeniyar bata da kotu, kowace ƙasa da dokarta take hukunci, komai ya rataya ne a wuyan jami'in da ya hau jirgin, in ya karɓi na goro ya sauko shikenan takarda ta nuna lafiya lau. Sannan mai tsafta yafi tsada, kamfanin jirgi kuma ba zai haɗiye asarar ba, sai ya ƙara a kuɗin kwantena, dillali ya rage a farashin buhu. Ko tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki, Kano, a 2023, in ka cika kwantenarka a can dai sai ta gangara Legas ta jira jirgi, in kuma jirgin ne aka tsare toh riɗinka na zaune a rana kuɗin ajiya na hawa.