Me ya sa wani magani ke kaiwa ƙwaƙwalwa, wani kuma a tare shi?

Da gaske akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa?

Akwai. A 1885 masanin Jamus Paul Ehrlich ya yi wa dabbobi allurar rini, sai sassan jiki suka rine, ƙwaƙwalwa kuwa ko ɗigo. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa manne suke da juna ƙam, babu kafa. Duk abin da zai wuce sai ya ratsa ta jikin ƙwayar, fatarta kuwa maiƙo ce.

To ina ruwan magani da maiƙo?

Maganin da ke gudun ruwa, yana narkewa a mai, shi ke sulalewa ta wannan fata. A ɗakin gwaji ana girgiza shi a kwalbar da aka haɗa ruwa da wani mai, oktanol, a ga inda ya fi taruwa. Wanda ya taru a man kamar ninki 100 na abin da ya rage a ruwan ya fi dacewa.

Dubi mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, da hiroyin, wata ƙwayar maye. Kusan abu ɗaya ne, ƙananan rassa biyu na wani sinadari, asetil, kawai aka liƙa wa hiroyin. Su suka ƙara masa son maiƙo, sai ya riga mofin isa ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, can ya rikiɗe ya koma mofin. Barcin da Piriton ke sa mai mura ma shaida ce cewa ya tsallaka.

Ke nan a yi ta ƙara masa maiƙo?

Ina! In ya yi yawa sai ya maƙale wa furotin ɗin jini ko ya lafe a kitsen jiki, hanta kuma ta hanzarta narkar da shi. Girma ma matsala ne: abin da ya haura dalton 500 (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari) da wuya ya ratsa. Ga kuma ɗan sintiri, wani furotin mai suna P-gp, da ke cafke magani ya jefo shi cikin jini. Imodium na gudawa dangin mofin ne, yana da maiƙo sosai, amma P-gp ke korarsa, shi ya sa in an sha shi bisa ƙa'ida aikinsa a hanji yake tsayawa.

Yaya maganin sanƙarau ke shiga, alhali mai son ruwa ne?

Kumburin cutar ne ke sassauta shingen, sai irin su seftiriyazon su samu kafa. Duk da haka kaɗan ke wucewa, shi ya sa likita ke ba da shi da yawa, ta allura.