Me ya sa gidan adana zane-zane yake makokin ɗan sa kai? Tambayoyi da amsoshi daga Detroit

Wane ne ɗan sa kai a irin wannan gida?

Mutum ne da yake sadaukar da lokacinsa ba tare da albashi ba, ko dai ya tarbi baƙi a bakin ƙofa, ko ya zagaya da 'yan makaranta yana yi musu bayanin abin da suke kallo. Gidan adana kayan fasaha na Boston ne ya fara ware masu yi wa baƙi jagora a 1907, daga baya aikin ya koma hannun 'yan sa kai a gidaje da dama na Amurka, akasarinsu mata.

Me ya sa rasuwarsa take taɓa mutane haka?

Domin shi ne fuskar gidan da jama'a suka sani. A gidan adana zane-zane na Detroit akwai zaure guda da Diego Rivera, ɗan ƙasar Meziko, ya ƙawata da zane 27 tsakanin 1932 da 1933, inda ya nuna leburorin masana'antar motoci ta Ford a bakin aikinsu. Yaron da kakansa ya yi wannan aikin yana iya wuce bangon bai lura ba, sai in an samu wani dattijo ya tsayar da shi, ya nuna masa hannuwan mutanen da ke jikin bangon, ya tambaye shi sana'ar gidansu. Wanda ya shekara ashirin yana wannan tsayuwa ya shiga tarihin iyalai masu yawa. Idan ya rasu, iyalansa sukan roƙi masu ta'aziyya su kai gudummawa gidan da sunansa maimakon su aiko da furanni.

Shin da gaske al'umma ta ɗauki gidan a matsayin nata?

An gwada, kuma gwajin ya yi tsanani. A 2012 mazauna gundumomin Wayne da Oakland da Macomb, waɗanda ke yankin Detroit, suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙarin harajin gidaje na shekara goma domin riƙe gidan, su kuma aka ba su damar shiga kyauta. A 2013 birnin Detroit ya bayyana karayar arziki da bashin kusan dala biliyan 18, masu bin bashi suka sa ido kan zane-zanen gidan, waɗanda a lokacin mallakar birnin ne. Sai gidauniyoyi da gwamnatin jihar Michigan da gidan kansa suka yi alkawarin dala miliyan 816 cikin shekara 20 domin tallafa wa 'yan fanshon birnin, aka tsira da kayan. A 2020 aka sabunta harajin. A ganina, ba wanda zai yarda a ƙara masa haraji saboda ginin da ba a taɓa yi masa maraba a cikinsa ba.

Kowa ya gamsu da wannan tsari?

A'a. A 2021 gidan adana zane-zane na Chicago ya sallami jagororinsa 'yan sa kai domin ya ɗauki masu albashi, bisa hujjar cewa masu hali ne kaɗai ke iya aiki kyauta, don haka jagororin ba su wakiltar dukan mutanen birnin. Hujjar tana da nauyi, amma ya yi mini ciwo cewa ta wasiƙar imel aka sanar da mutanen da wasunsu suka shafe shekaru masu yawa suna hidima.