Lambun shaƙatawa a birni: ta yaya yake rage hayaƙin kabon?

Shin dasa itatuwa a tsakiyar birni yana rage kabon da gaske?

Yana ragewa, amma ba yadda ake zuzutawa ba. Itace yana zuƙar iskar kabon ta ganye ya mai da ita jiki, har kusan rabin nauyin busasshen icce kabon ne. Sai dai abin da motoci da masana'antu ke fitarwa ya fi ƙarfin lambu ɗaya. Babban amfanin lambu a birni inuwa ce.

Ina ruwan inuwa da hayaƙi?

Kwalta da siminti yini suke suna shan rana, dare ya yi su amayar da zafin. Sai kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, inda babu wuta kuma a tada janareta. Inuwa tana rage zafin, sai a rage kunna su, hayaƙi ya ragu. Ga kuma tafiya: wanda zai taka a ƙarƙashin inuwa ba lallai ya hau mota ba.

Birnin Medelin na ƙasar Kolombiya ya gane wannan. Daga 2016 hukumar birnin ta shimfiɗa zirin lambuna 30, guda 18 a gefen tituna, 12 a bakin magudanan ruwa, aka haɗa su da lambunan da ke akwai. Aka kuma horar da mutum 75 daga cikin marasa galihu suka zama masu kula da shukar. Hukumar ta ce zafi ya sauka da kusan digiri 2. Abin da ya fi burge ni shi ne ba fili ɗaya suka killace a bayan gari ba, inda mutane ke bi kullum suka kai wa inuwar.

Lambu da kansa zai iya ƙara hayaƙi?

Ƙwarai kuwa, kuma nan ake yawan kuskure. Shimfiɗaɗɗiyar ciyawar nan mai kama da darduma tana bukatar injin yanka mai shan fetur, da takin zamani, da famfon ban ruwa. Ga daɓen siminti, alhali sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ake fitarwa a duniya. Lambun da aka malale rabinsa da kankare, da bashi ya fara.

To me mai tsara lambu zai sa a gaba?

Da fari kada ya sare tsohon itacen da ya tarar. Tsamiyar da ta shekara hamsin tana riƙe da kabon da ɗaruruwan dashe ba su tara ba, don haka hanya ce za ta kauce mata. Sai ya zaɓi itatuwan da suka saba da ƙasar: a wuri mai fari kamar Kano ko Yamai, maɗaci da tsamiya da darbejiya sun fi ciyawar ado. Hanyoyin ƙafa a yi su da tsakuwa ko jar ƙasa, ruwan sama ya samu wurin nutsewa. Ganyen da ya zuba kuma kada a share a cinna masa wuta, a tara shi a gindin itatuwa ya ruɓe ya koma ƙasa.