Ƙera ƙarfe da manhaja tare: amsoshi ga ɗalibanmu na Dahran

'Yan'uwa masu karatun injiniyancin kwamfuta a Jami'ar Sarki Fahad da ke Dahran suna yawan kawo waɗannan tambayoyi.

Mece ce minikwamfuta?

Kwamfuta ce da ba ta kai manyan kwamfutocin zamaninta girma ba. Amma kada sunan ya ruɗe ku, wasunsu sun kai firiji girma. Kamfanin DEC ya fitar da PDP-8 mai bit 12 a 1965, sai PDP-11 mai bit 16 a 1970, wadda Unix da harshen C suka girma a kanta.

Me ake nufi da tsara ƙarfe (hardware) da manhaja tare?

Ku dubi IBM 801, aikin da John Cocke da abokansa suka fara a 1975. Sun auna shirye-shirye na gaske, suka ga kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shiri zuwa umarnin na'ura, ba ta cika taɓa umarni masu sarƙaƙiya ba. Sai suka yi rangwame a ƙarfe: yawancin umarni su ƙare a zagaye ɗaya, lissafi a rijista (ƙananan ma'ajiyu cikin firosesa) kawai, ma'adana (memory) kuwa ba a zuwa sai ɗauka ko ajiya. Nauyin rabon rijista ya koma kan kwamfailar PL.8, wadda aka rubuta tare da na'urar.

To ina ake cin karo?

A kan iyaka. 801 ta raba ma'ajiyar kusa (cache) biyu, ta umarni da ta bayanai, kuma ƙarfen ba ya daidaita su. In ka loda sabon shiri ba ka share ta umarni ba, tsohon shirin na'urar za ta bi, kuma ba kullum kuskuren yake fitowa ba, shi ya sa yake wahalar kamawa. A firosesar MIPS ta farko ma, umarnin da ya biyo bayan ɗauko bayani ba zai ga sabuwar ƙimar ba. Dole kwamfaila ta cike gurbin da wani aiki, ko da NOP, umarnin da ba ya yin komai.

Ta ina ɗalibi zai fara?

Da RV32I, tushen jerin umarnin RISC-V: rijista 32, x0 kullum sifili. Fara rubuta kwaikwayonta a manhaja, ka gudanar da abin da kwamfailar GCC ta fitar, ka ƙirga umarnin da suka fi maimaituwa. Bayan nan ka tsara ta da Verilog, harshen tsara ƙarfe, da layin aiki (pipeline) mai matakai 5. Kwatanta rijistocin kwaikwayon da na Verilog bayan kowane umarni tun kafin ka hau allon FPGA (guntun da ake loda wa tsarin ƙarfe), don a can gano kuskure jan aiki ne. In an ɗauko bayani aka buƙace shi nan take, tsayar da layin zagaye ɗaya. Mai loda shirinka kuma ya kira FENCE.I, umarnin da ke sa na'ura ta ga sabon umarnin da aka loda, kafin ya yi tsalle zuwa sabon shiri.