Sassaƙa mazaunin keken guragu da kwamfuta

Sassaƙa mazaunin keken guragu da kwamfuta hanya ce ta ƙera wurin zama da majingina daidai da jikin mutum ɗaya tak. Ana ɗaukar siffar jikin da na'ura, a gyara ta a kwamfuta, sannan inji ya sassaƙa ta a dunƙulen soso. Ana yin sa ne domin waɗanda kujerar da aka saba ba ta riƙe su: masu karkacewar ƙashin baya, masu gocewar ƙugu, da yaran da larurar ƙwaƙwalwa ta hana su sarrafa gaɓoɓinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 80 ne ke buƙatar keken guragu, amma wani ɓangare ne kawai daga cikinsu ke buƙatar irin wannan mazauni.

Tarihi

Tun wajajen shekarun 1970 asibitoci a Turai suke ɗaukar siffar jiki da jakar roba mai cike da ƙananan ƙwayoyin farin soso. Idan akwai iska a ciki, jakar tana da laushi kamar buhun gero da bai cika ba. Da zarar famfo ya zuƙe iskar, sai ƙwayoyin su matse, jakar ta sandare da shatin jikin wanda ya zauna a kai. A da, bandejin filasta ake shimfiɗawa a kan shatin, a bari ya bushe, a ɗaga. Daga wannan zubin ake gasa farantin roba ya kwanta a kai, ko kuma ma'aikaci ya yanka soso da hannu yana gwadawa.

Filasta na da nauyi, yana cin wuri, yana karyewa a hanya, kuma sau da yawa ana lalata shi wajen ƙira. Idan mazaunin ya tsufa, dole a sake kiran mai shi a fara daga farko. A wajajen shekarun 1980 aka fito da tsarin Matrix a Landan, wato ƙananan mahaɗai da ake ɗaurewa da sukurori har su bi siffar baya. Masu bincike a Amurka sun gwada aunawa da yanka da kwamfuta a farkon shekarun 1990. Sashen injiniyoyin asibitin Morriston da ke Suwansi a yankin Wels ya wallafa gwajin amfani da sikana, wato na'urar ɗaukar siffa, mai hasken leza a wannan aiki a 2011.

Yadda ake yi

Aikin yana farawa da duba mutum a kwance da a zaune, a gane wace karkacewa ce ke miƙewa da hannu, wacce ce ta riga ta kafe. Wadda ta kafe ba a tilasta mata, rungumarta mazaunin ke yi. Ana daidaita ƙugu tukuna, domin shi ne tushen zama, sannan gangar jiki, sannan kai. Ana zaunar da shi a kan jakar ƙwayoyin, mutum biyu ko fiye ke riƙe shi suna tura ƙwayoyin, ana zuƙe iska kaɗan-kaɗan.

Bayan an ɗaga mutumin, sai a zagaya jakar da sikana ta hannu. A kwamfuta ana share tattarar da roba ta bari, a zurfafa gurbin ƙasusuwan ɗuwawu da ƙashin gindin baya, a bar hanyar majanyin ƙugu. Ana rage gaban mazaunin ta yadda za a sami tazarar milimita 30 zuwa 60 tsakaninsa da bayan gwiwa. Inji ko hannun mutum-mutumi ya sassaƙa soso mai ƙarfi, a ɗora masa mai laushi, a ɗinka riga, a ɗaure shi a jikin keken.

Inda ake samun matsala

Inji kwafa kawai yake yi. Idan an ɗauki siffa mutum yana gajiye ko jijiyoyinsa sun ɗaure, kuskuren zai fito a soso daidai yadda ya shiga. Kuskure na biyu shi ne rashin sa alamar kusurwar da ke tsakanin mazauni da majingina kafin ɗauka, sai a haɗa su a karkace, mutum ya riƙa zamewa gaba, fata tana gogar soso. Rashin lissafa kaurin soson sama da riga yana sa gurbin ya matse.

Soso na riƙe zafi da gumi, kuma fata mai danshi ta fi saurin yin gyambo. Jan tabo a kan ƙashi da bai ɓace ba bayan kamar minti 30 da tashi alama ce ta a koma wurin masu gyara. Yara kuma suna girma su wuce mazaunin, don haka ana sake dubawa akai-akai.

Bugawa da injin ƙira

Ana gwada buga mazauni mai raga-raga da iska ke ratsawa, da injin 3D mai gina abu hawa-hawa. Masana ba su daidaita ba kan ƙarkonsa da tsadarsa.

Ƙa'ida

Jerin ƙa'idojin ISO 16840, na hukumar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, ne ya shafi mazaunin keken guragu, har da gwajin wanda za a zauna a kansa cikin mota.